Sana'ar Hura Gilashi da Sake Ƙera Kayan Mutanen Da



Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin ganin malamin harshe ya tashi zai yi magana a kan gilashi, abin da aka san na masu ilmin kimiyya ne. Dalili shi ne, mu da ke nazarin harshe da al'ada kullum muna fama da tambaya guda, watau idan mai sani ya rasu, me ke saura daga abin da ya sani? Mawaƙin baka yakan bar baitoci a bakin yaransa, amma ba ya barin muryarsa. Maƙeri yakan bar garma da lauje, amma ba ya barin yadda yake karkata guduma. A sana'ar gilashi an sami waɗansu mutane da suka ɗauki wannan tambaya da gaske, suka ce tun da masu sana'ar sun tafi sun bar kayansu, to, bari su zauna gaban wuta su yi ta gwadawa har hannunsu ya gano abin da hannun na da ya sani. Aikin waɗannan mutane nake so mu duba yau, mu ga abin da ya gano, mu kuma ga inda ya tsaya.

Kalmar gilashi aro ce daga Turanci, amma abin da take nufi ba baƙo ba ne gare mu, gama iyayenmu mata sun san ƙarau tun kafin zuwan Turawa. Game da aikin kansa kuwa, na zaɓi in ce hurawa maimakon busawa, domin busa ta sarewa ce da kakaki, inda ake neman sauti. Mai gilashi iska yake cusawa don abu ya kumbura.

Abin da ake haɗawa

Gilashin mutanen da abu uku ne: yashi, da kanwa ko toka, da farar ƙasa. Yashi shi ne jikin gilashi, sai dai kafin ya narke shi kaɗai yana bukatar zafin da ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin santigired, wutar itace kuwa ba ta kai can. Idan aka gauraya shi da kanwa sai ya sauko ya narke a wajen digiri 1,100. Ita kuma farar ƙasa ita ke hana ruwa cin gilashin bayan an gama. Rumawa sun yi dace, yashin bakin tekun Sham yana ɗauke da garin ƙwanson dodon koɗi da makamantansa, saboda haka farar ƙasar tana ciki tun asali.

Kanwar da suka yi amfani da ita danginta ɗaya da wadda muke jiƙawa a girki muke kuma ba dabbobi. Mafi yawanta daga wani kwari take fitowa a ƙasar Masar, tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, wanda ake kira Wadin Naɗrun. Marubucin nan na Rum mai suna Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya kawo labarin waɗansu fatake masu ɗauke da kanwa da suka yada zango a bakin kogin Belus kusa da garin Akka, suka rasa duwatsun murhu, suka girka tukwanensu a kan curin kanwa, sai suka ga wani ruwa mai ƙyalli yana kwarara daga cikin yashi. Labari ne mai daɗi, amma wutar girki ba ta narkar da yashi. Abin da ke gaskiya a cikinsa shi ne wurin da ya ambata da kayan haɗin. Daga wajen ƙarni na 9 Miladiyya masu gilashi na ƙasashen Musulmi suka koma ga tokar waɗansu tsirrai masu fitowa a ƙasa mai gishiri, ita ce ta maye gurbin kanwa.

Akwai wani abu da ya kamata a riƙe tun yanzu. Mai dafa gilashi daban, mai hura shi daban, kamar yadda majemi yake daban da baduku. A garin Bet She'arim na ƙasar Galili an sami wani falalen ɗanyen gilashi da nauyinsa ya kusa tan 9, wanda dahuwarsa ta ɓaci aka bar shi a inda yake. Irin wannan ake farfasawa a loda a jirage a kai wa masu hurawa a garuruwa masu nisa. Wani jirgin ruwa da ya nutse a gaɓar Turkiyya, a wurin da ake kira Serce Limani, wajen shekarar 1025, an tarar yana ɗauke da kimanin tan 3 na ɗanyen gilashi da fasassun kwalabe da za a sake narkarwa.

Yadda ake hurawa

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba su sake sosai ba cikin shekara dubu biyu. Akwai tanderu mai kasko a ciki inda gilashi ke narke. Akwai bututun ƙarfe da ya ɗara mita guda kaɗan. Akwai sandar ƙarfe marar rami, da wani irin awartaki mai dogayen baki biyu, da almakashi, da falalen dutse ko na ƙarfe mai santsi.

Mai aiki zai zura bakin bututun cikin kasko yana juya shi, gilashin ya nannaɗe a jiki kamar yadda zuma ke kama tsinke. Daga wannan lokaci hannunsa ba zai daina juyawa ba, gama da ya tsaya gilashin zai zubo ƙasa. Sai ya mirgina curin a kan falale don ya daidaita, fatarsa ta waje kuma ta ɗan huce ta yi ƙarfin da za ta riƙe iska. Sa'an nan ya hura. Mutane da yawa suna zaton aikin na masu ƙarfin huhu ne, alhali iskar da ake bukata kaɗan ce ƙwarai. Wani lokaci ma sau ɗaya zai hura ya toshe bakin bututun da babban yatsa, zafi ya kumbura iskar da ke ciki ta yi sauran aikin. In yana son abin ya yi tsawo sai ya sunkuyar da bututun ko ya lilo da shi, in yana son ya yi faɗi sai ya ɗaga shi sama. Da awartaki yake matse wuya. Idan gindi ya kammala, sai yaronsa ya kawo sandar nan da ɗan ɗigon gilashi mai zafi a bakinta, a manna a gindin, a ɗiga ruwa a wuya a ƙwanƙwasa bututun, abin ya rabu da shi ya koma kan sanda. Yanzu bakin ya sami sarari, sai a mai da shi wuta a buɗe shi yadda ake so, a liƙa hannu ko mariƙi. Wannan sanda takan bar tabo a gindi, ina roƙon ku riƙe zancen tabon, za mu komo kansa.

Wahalar tana wajen lokaci. Bahaushe ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, to, maƙeri ma yana da sauƙi, domin ƙarfensa in ya huce jiransa yake yi. Gilashi in ya yi zafi da yawa ya zube, in ya huce ya ƙi tanƙwaruwa, in wani sashe ya riga wani hucewa ya tsage, kuma tsakanin waɗannan halaye daƙiƙoƙi ne kawai. Ba a taɓa shi da hannu, ba a ajiye shi a je a dawo. Mai aiki yana gane zafinsa ne ta launinsa da yadda yake rangaji a bakin bututu. Ko an gama ma da saura, sai an sa shi a wani ɗaki na tanderun mai zafin wajen digiri 500, a bar shi ya huce sannu a hankali. Wanda aka bari ya sha iska nan take zai fashe da kansa, ko yau ko gobe.

Mafarin abin

An yi shekara fiye da 1,400 ana yin kwalaben gilashi a Masar da Iraƙi kafin a san hurawa. A wancan zamani sai a cura yumɓu da kashin dabbobi a bakin sanda, a lulluɓe shi da narkakken gilashi, in ya huce a ƙwaƙule curin. Ƙananan kwalaben turare ake samu ta haka, kuma sai gidan sarauta da na masu hali. A ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, a yankin Sham da Falasɗinu, wani wanda tarihi bai riƙe sunansa ba ya gane cewa gilashi mai zafi yana kumbura. Shaida mafi tsufa an tono ta ne a tsohon birnin Ƙudus a farkon shekarun 1970, a cikin sharar wata ma'aikata: ƙananan bututan gilashi da aka toshe bakinsu ɗaya aka hura ta ɗayan.

Cikin ƙarni guda abin ya game daular Rum. Masanin ƙasa Strabo ya ba da labarin cewa a birnin Rum ana sayen kofin gilashi da kuɗin tagulla guda. Aka kuma sami masu hurawa cikin mazubi mai zane, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Ennion na ƙarni na ɗaya Miladiyya, wanda yake sa sunansa da haruffan Girkanci a jikin kofunansa. Tun daga lokacin har shekarar 1903, sa'ad da Michael Owens ya fito da injin yin kwalba a Amurka, kusan kowace kwalba a duniya da numfashin mutum aka yi ta.

To, me masu wannan sana'a suka rubuta? Sun rubuta haɗi. A ɗakin karatun Sarki Ashurbanipal a Ninawa, na ƙarni na 7 kafin Miladiyya, an sami allunan yumɓu masu bayanin yadda ake dafa gilashi mai launi. A shekarar 1612 wani limamin kirista na birnin Fulorans mai suna Antonio Neri ya buga littafin farko da aka keɓe wa sana'ar, aka fassara shi da Ingilishi a 1662. Wanda ya duba littafin zai sami yadda ake tace toka da yadda ake fid da launuka, amma ba zai tashi da sanin yadda ake riƙe bututu ba. Wani ɓangare na wannan shiru da gangan ne. A 1291 hukumar birnin Fenis, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, ta tattara tanderun gilashi ta mai da su tsibirin Murano, aka kuma hana gwanaye fita su yi aiki a wata ƙasa, ko da yake hanin bai hana Faransa zawarcin waɗansu masu yin madubi zuwa Faris a 1665 ba. Amma babban dalili a ganina ya wuce ɓoyo. Uban da ke koya wa ɗansa ba ya bukatar takarda, kuma akwai abin da ko ya so ya faɗa bakinsa ba zai iya ba, sai dai ya ce wa yaro, duba ka gani.

Tulun Portland

Misalin da ya fi kowane nuna wannan al'amari wani ɗan tulu ne da ke gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Tsawonsa bai wuce santimita 25 ba. An yi shi a Rum a farkon ƙarni na ɗaya Miladiyya. Jikinsa shuɗi ne mai duhu, kamar baƙin rini na karofi, an lulluɓe shi da farin gilashi, sa'an nan aka sassaƙe farin har ya zama siffofin mutane da itatuwa a kan shuɗin. Inda mai sassaƙar yake son inuwa sai ya rage kaurin farin har shuɗin ya riƙa lekowa ta ƙarƙashi. Tulun ya daɗe a hannun gidan Barberini a Rum, ya zo Ingila, matar Sarkin Portland ta saye shi a 1784, daga nan ya sami sunansa. A 1810 aka ba gidan tarihin aronsa. Ranar 7 ga Fabrairu 1845 wani saurayi da ya sha ya bugu ya jefe shi da wani sassaƙen da ke kusa, ya tarwatse gutsure kusan 200. John Doubleday ya harhaɗa shi, gutsure 37 suka rage bai san inda za su shiga ba. An sake warware shi an liƙe a 1948, aka kuma yi haka a 1988 zuwa 1989.

Tun kafin fashewar mutane suke ƙoƙarin yin irinsa. Josiah Wedgwood, mai masana'antar tangaran, ya ari tulun a 1786, ya yi shekara huɗu yana gwaji kafin ya fito da nasa a 1790. Nasa ya yi kyau, amma na yumɓu ne, saboda haka bai amsa tambayar yadda aka yi na gilashin ba. Wanda ya fuskanci tambayar sosai shi ne John Northwood na yankin Stourbridge, cibiyar masu gilashi ta Ingila, tare da ɗan'uwansa Philip Pargeter mai ma'aikata. A 1873 wani gwanin hurawa mai suna Daniel Hancox ya samar musu da tulun mai rufi biyu, bayan an yi ta ɓatawa. Northwood ya ɗauka ya yi shekara uku yana sassaƙa da ƙananan kurfunan ƙarfe, yana zuwa Landan yana gwadawa da na asali. Dab da gamawa tulun ya tsage. Ya liƙe shi ya ƙarasa a 1876, yana nan yau a gidan tarihin gilashi na Corning a Amurka da tsagarsa.

Wannan tsaga ta koyar da abin da kallon na asali shekara ɗari bai koyar ba. Kowane irin gilashi yana da gwargwadon yadda yake buɗewa in ya ji zafi da yadda yake tsukewa in ya huce. Farin yana ɗauke da sinadarin da ke sa shi fari, shuɗin yana ɗauke da nasa, saboda haka ba lalle su tsuke tare ba. In ɗaya ya fi ɗaya tsukewa, to, suna jan juna ke nan a ɓoye, kuma duk sa'ad da mai sassaƙa ya rage kaurin farin yana sauya yadda jan yake. Ashe gwanintar Barumen nan ta fara ne tun a wurin haɗi, tun kafin a kai ga zanen da kowa ke yabo: ya san yadda zai dafa gilashi iri biyu da za su zauna lafiya da juna shekara dubu biyu, ba shi da ma'aunin zafi, ba shi da ɗakin gwaji.

Saura tambayar yadda aka lulluɓa farin. A 1990 William Gudenrath, wanda gwanin hurawa ne kuma mai bincike, tare da David Whitehouse, suka bayyana sakamakon gwajinsu, cewa an tsoma doguwar kumburarriyar shuɗin ne cikin kaskon narkakken fari, sa'an nan aka hura su tare. Galibin masana sun karɓi wannan. Wata mai bincike Bajamushiya, Rosemarie Lierke, ta saɓa, tana ganin an danna gilashin ne cikin mazubi da zafinsa. A 2012 masu sana'a na Stourbridge suka sake yin wani, Richard Golding ya hura, Terri Colledge ta sassaƙa.

Fitilun Alƙahira da kofunan Fenis

Wanda ya shiga gidan kayan tarihin Musulunci na Alƙahira zai ga fitilun gilashi na zamanin Mamluk, da yawansu daga masallacin Sultan Hasan da aka gina tsakanin 1356 da 1363. Fitila ce mai faɗin baki da tumbi, da 'yan kunnuwa inda ake ɗaura sarƙa, an zayyana ta da shuɗi da ja da ruwan zinariya, sau da yawa da ayar nan ta Suratun Nur mai ambaton fitila a cikin gilashi, tare da sunan sarkin da ya sa aka yi. Launukan nan su ma gilashi ne da aka niƙa aka shafa da alƙalami, kuma ba sa kamawa sai an mai da fitilar wuta sun narke sun haɗe da jikinta. A nan haɗarin yake, gama zafin da zai narkar da adon ya kusa wanda zai lanƙwasar da fitilar. Sana'ar ta ja baya a ƙarni na 15, har ya zamana a 1569 babban wazirin Daular Usmaniyya, Sokollu Mehmed Pasha, daga Murano ya yi odar fitilu 900. Sai a ƙarni na 19 wani Bafaranshe mai gyaran tsofaffin kaya, Philippe-Joseph Brocard, ya koya wa kansa aikin ta hanyar nazarin fitilun, ya nuna nasa a bajekolin Faris na 1867.

Ga inda zancen tabo ya dawo. A gindin tsofaffin kofunan Fenis masu irin wannan ado akan ga tabon sanda biyu, ɗaya bisa ɗaya. Mai kallo kawai ba zai ga komai a ciki ba sai rashin tsabtar aiki. Gudenrath, da yake ya saba da sandar, ya karanta shi kamar rubutu: tabo na farko na ranar da aka hura kofin ne, na biyu kuwa na ranar da aka gama zane aka sake ɗumama shi a hankali, aka manna shi a sanda aka zura cikin tanderu yana juyawa har adon ya narke. Ya gwada haka ya ga ta yi. A 2016 gidan tarihin Corning ya fitar da aikinsa a kan dabarun Fenis a intanet, da hotuna masu motsi na yadda yake sake yin kowane kofi, domin bayanin da rubutu ya kasa ɗauka hoto mai motsi yana ɗaukar wani abu daga ciki.

Waɗansu kuma suka ce ba a gama ba, tun da duk waɗannan gwaje-gwaje da tanderun gas ake yinsu. Mark Taylor da David Hill, Ingilawa biyu da suka daɗe suna sake yin kayan gilashin Rumawa, suka gina tanderun yumɓu mai cin itace a 2005 da 2006, suna dogara da abin da aka tono na gindin tsofaffin tanderu da kuma wani ɗan zane a jikin fitilar yumɓu ta ƙarni na ɗaya, mai nuna mai hurawa zaune gaban wutarsa. Suka yi makonni suna aiki da shi dare da rana, daga baya suka bar shi ruwa da iska su ci, don masu tono su gwada abin da ya rage da abin da suke samu a ƙasa. Irin wannan gwaji yana nuna yawan itacen da sana'ar ke ci, da yawan hannun da take bukata, gama wuta ba ta kwana ba mai zuga ta.

Inda gwaji ya tsaya

Kada ɗalibai su fita daga nan da zaton cewa duk wanda ya yi abu mai kama da na da ya gano yadda aka yi na da. Abin da ya tabbatar shi ne ana iya yi ta hanyarsa. Northwood ya yi amfani da ruwan asid mai cin gilashi wajen rage farin kafin ya sa kurfi, Barume kuwa bai san wannan ruwa ba. Don haka mai bincike na ƙwarai ba kamannin gaba yake dubawa ba kawai, yana bin abin da mai sana'a bai yi niyyar bari ba: tabon gindi, da inda ƙananan kumfa suka miƙe, da sawun awartaki a wuya, da irin gutsattsarin da ke zuba a ƙasa. In hanyarsa ta haifar da waɗannan duka, to, ya kusa. Akwai kuma abin da har yanzu ya gagara a yi shi ta hanyar da. Kofin Lycurgus na ƙarni na 4, wanda shi ma yana Landan, kore ne in haske ya faɗo masa ta gaba, ja ne in hasken ya ratso ta baya. Na'ura ta nuna cewa ƙwayoyin zinariya da azurfa ne a cikinsa, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. An san abin da ke ciki, amma sanin yadda mai dafawar ya kai ga haka da wutar itace wani abu ne daban.

Sai kuma matsalar amana. Gwanin da ya iya yin abin da ba a bambanta shi da na da ya riƙe makami mai kaifi biyu, domin abin da ya yi don ilmi wani dillali yana iya tsufar da shi ya sayar a matsayin na asali. Saboda haka masu mutunci a cikinsu sukan sa hannu a jikin aikinsu, kamar yadda Brocard ya yi a yawancin nasa.

Masagan Bida

Na bar na gida a ƙarshe da gangan, domin kada a ɗauka hurawa suke yi. Masaga na Bida a ƙasar Nufe naɗa gilashi suke yi a bakin sandar ƙarfe, su fid da duwatsun wuya da ƙarau, waɗanda fatake suka daɗe suna kawowa kasuwanninmu. Su da kansu suna cewa asalinsu daga Masar ne. Leo Frobenius ya gan su a 1911, S. F. Nadel kuma ya yi bayaninsu a littafinsa na 1942 a kan Nufawa. A da suna dafa nasu ɗanyen gilashin da yashi da kanwa, baƙi ne, suna kiransa bikini. Da kwalaben Turawa suka yawaita sai narkar da kwalba ya fi sauƙi, dafa bikini ya kwanta shekaru da dama, har a 2019 aka taru aka sake dafa shi bisa abin da dattawa suka riƙe, aka ɗauki aikin a fim. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka shahara da sana'ar hannu. Kudu da su kuma, binciken Abidemi Babatunde Babalola a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ya nuna ana dafa gilashi a can da kayan ƙasar tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

Ƙarau ɗin Bida ba shi da mahaɗi. Bamasage yakan ɗebo curi a bakin sanda, ya buɗe ramin da ke tsakiya, ya yi ta juyawa yana faɗaɗa shi har ya zama zobe guda da za a zura hannu. Mutanen Kelt na Turai sun yi irin wannan ƙarau marar mahaɗi a ƙarnonin ƙarshe kafin Miladiyya, sa'an nan dabarar ta ɓace musu, ba su kuwa bar rubutu a kanta ba. Da wata masaniyar tono Bafaranshiya, Joelle Rolland, ta tashi sake yinsa tare da masu gilashi na ƙasarta, cikin wuraren da ta duba don ta ga hannu yana yin abin har da Bida.